Ko Daidai Ne A Yi Yawon Daɗi A Kan Turbar Gudajjun Bayi?

Mutanen zamani sun ɗauki wata al'ada wadda da kakanninmu sun ji labarinta da sun yi dariya. Mutum ya kan tara kuɗi shekara guda, ya shiga jirgin sama a Faris, ya yi awa 11 a sama, ya sauka a wani tsibiri a tsakiyar Tekun Indiya. Sa'an nan ya saɓa jaka a baya, ya kama hawan dutse da ƙafa har kwana shida ko bakwai. Ba fatauci ya kai shi ba, ba kuwa aikensa aka yi ba, ba shi da dangi a can da zai gaisar. In ka tambaye shi abin da ya je nema, sai ya ce maka ganin ƙasa ya je yi. Mu dai ba za mu yi masa dariya ba, gama ido ma yana da nasa abincin. Amma akwai wata tambaya da ta tsaya mana a rai. Da yawa cikin turbobin da ya ke bi, ba masu yawo suka fara taka su ba. Bayi ne waɗanda suka gudu daga iyayengijinsu, da kuma mafarautan da aka biya domin su bi sawunsu. To, ko daidai ne mutum ya ji daɗi a kan hanyar da wani ya bi da tsoron mutuwa?

Kafin mu amsa, bari mu fara sanin wurin. Sunan tsibirin Reyuniyon, yana wajen kilomita 700 gabas da Madagaska, tun 1946 kuwa ya zama lardi ɗaya cikin lardunan Faransa. Wuta ce ta haife shi. Narkakken dutse ya yi ta fitowa daga ƙarƙashin teku, yana daskarewa, wani a kan wani, har ƙasa ta ɓullo. Manyan duwatsu biyu ne a cikinsa. Babban, watau Piton des Neiges, tsawonsa wajen mita 3,070, ya yi shiru tun shekaru dubbai. Ƙanensa, Piton de la Fournaise, wanda ya haura mita 2,600 kaɗan, shi ne mai rai. Ya kan yi aman wuta a kai a kai, wata shekara ma sau biyu ko uku. Kewaye da babban dutsen ƙasa ta rufta, ruwan sama kuma ya yi ta zaizayarta, har aka sami manyan kwaruruka uku masu kama da ƙwarya, kowanne da bangon dutse a tsaye kewaye da shi. Sunayensu Cilaos, da Salazie, da Mafate. Kada mai karatu ya yi mamakin yadda ruwa zai haƙa dutse haka. A watan Janairu na 1966, a wani wuri da a ke kira Foc-Foc, an auna ruwan sama milimita 1,825 cikin yini da dare ɗaya, watau fiye da abin da Kano ke samu a damina ɗungum.

Cikin duwatsun nan an shata turbobi masu alama kusan kilomita 1,000. Akwai wadda ta kewaye babban dutsen, akwai wadda ta ratsa tsibirin daga arewa zuwa kudu, akwai wadda ta zagaye Mafate. A 2007 aka mai da tsakiyar tsibirin gandun gwamnati wanda ba a taɓawa, a 2010 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya duka ta gada. Kyan wurin ba abin gardama ba ne. Mai son ganin Mafate daga sama ya kan yi sammako ya hau Maïdo, ya tsaya a bakin bango, ya leƙa ƙasa wajen mita 1,000, ya hangi ƙananan gidaje a kan 'yan tuddai kamar an watsa tsaba. Dole ya yi sammako, domin kafin hantsi ya dubi ludayi gajimare ya kan taso daga teku ya rufe kwarin duka. Mai son hawa Piton des Neiges kuwa ya kan kwana a wani masauki kusa da kogon Dufour, ya tashi da tsakar dare da fitila a goshi, ya isa ƙwanƙoli da asuba cikin sanyi mai sa haƙora kaɗawa, ya ga rana tana fitowa daga cikin teku, gajimare yana ƙarƙashin ƙafarsa.

Yanzu ga labarin da idon mai yawo ba ya gani. Kafin zuwan Turawa ba kowa a tsibirin nan, sai tsuntsaye da manyan kunkuru. A 1663 wani Bafaranshe mai suna Louis Payen ya sauka tare da abokinsa ɗaya da mutanen Madagaska goma. Ba a daɗe ba mutanen Madagaskan nan suka tsere suka hau duwatsu. Watau tun ran da aka fara zama a tsibirin aka fara gudu. Da aka kama noman kofi bayan 1715, daga baya kuma noman rake, sai aka yi ta kawo bayi daga Madagaska da gabashin Afirka. Dokar da Sarkin Faransa ya kafa wa tsibirin a 1723 ta faɗi hukuncin bawan da ya gudu ya yi wata guda. Karo na fari a yanke masa kunnuwa, a yi masa lalas a kafaɗa. Karo na biyu a tsinke masa agara, a ƙara lalas a ɗaya kafaɗar. Karo na uku a kashe shi. Duk da haka mutane suka yi ta gudu, maza da mata, ana ce da su maron. Suka shiga kwarurukan nan uku inda doki ba ya zuwa, suka yi bukkoki, suka shuka masara da dankali, suka naɗa shugabanni. Hukuma ta kafa ƙungiyoyin mafarauta masu bindiga, ana biyansu lada, in sun kashe gudajje kuma su kan yanko hannunsa su kawo shaida. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne François Mussard, a tsakiyar ƙarni na 18.

Gudajjun nan ba su bar littafi ba. Kusan duk abin da aka rubuta a kansu, daga rahoton mafarautansu ya fito. Amma sun bar sunaye. Mafate sunan wani shugabansu ne. Haka Cimendef, dutse mai tsini da ke tsakanin Mafate da Salazie, wanda a ke fassara sunansa da harshen Madagaska "wanda ba bawa ba". Haka Dimitile. Haka Anchaing, wanda labarin gargajiya ya ce ya hau wani dutse a tsakiyar Salazie tare da matarsa Héva, suka zauna shekaru suka haifi 'ya'ya, har yau dutsen yana amsa sunansa. Cilaos kuwa ana cewa ma'anarsa "wurin da ba a bari". A cikin Mafate akwai ƙauyuka biyu maƙwabta da kowane mai yawo ya kan ratsa. Ɗaya Aurère, wanda a ke fassarawa "ƙasa mai kyau". Ɗayan Îlet à Malheur, watau tungar masifa, domin a nan mafarauta suka faɗa wa waɗansu gudajju suka karkashe su a 1829. Tsakanin ƙasa mai kyau da tungar masifa ba a yin tafiyar awa guda. Sai ran 20 ga Disamba 1848 wakilin gwamnati Sarda Garriga ya yi shelar 'yanci, bayi wajen 62,000 suka zama 'ya'ya. An biya diyya, amma iyayengiji aka biya, ba bayin ba.

Ba sai mun yi dogon bayani ga masu karatunmu ba a kan abin da ke sa mutum ya bar fili mai albarka ya hau dutse. Da yawa a ƙasar Filato, da kudancin Zazzau, da duwatsun Mandara, sun ji daga bakin tsofaffi yadda aka hau tuddai domin tsere wa mahara. Wanda ya ji wannan labari a gidansu zai gane nauyin tambayarmu.

Amsa ta fari da a kan bayar mai sauƙi ce. A kan ce dutse ba shi da laifi. Kyansa ya riga mutane, ya riga bawa da ubangijinsa, zai kuma wanzu bayansu. Abin da ya faru ya faru, yau kusan shekara 180 ke nan, mai yawo bai kama kowa ba, bai sayar da kowa ba. Don me za a ɗora masa kayan da ba nasa ba? Akwai gaskiya a cikin wannan magana, ba mu kuwa raina ta ba. Laifin Mussard ba ya bin ɗan makarantar da ya zo daga Jamus da jakarsa. Amma maganar ta tsallake wani abu. Ta ɗauka kyan wurin daban, tarihinsa daban, kamar za a iya cin tuwo a bar miya. Mu duba mana. Mene ne ya sa Mafate ya ke da kyau a idon baƙo? Bangon dutsen nan ne da ya tsaya sak, da zurfin kwarin, da rashin hanya, da shirun da ba a samu a gari. To, mene ne ya sa bawa ya zaɓi Mafate? Bangon nan ne dai, da zurfin nan, da rashin hanyar nan. Abu ɗaya ne ya jawo su duka biyu. Sa'ad da mai yawo ya tsaya yana haki a kan hayi, ya ce, "Kai, wurin nan ba ya shiguwa," ya faɗi daidai abin da gudajje ya faɗa a ransa, sai dai shi da murna ya faɗa, wancan kuwa da ajiyar zuciya. Wanda ya ce zai ɗauki kyan ya bar labarin, bai ga wurin sosai ba. Rabinsa ya gani.

Amsa ta biyu ta masu taushin zuciya ce. Su kan ce wurin da aka zub da jini maƙabarta ne, ba a kuwa yin wasa a maƙabarta. Wanda ya san labarin nan, in yana da kunya, sai ya haƙura da yawon. Wannan amsa ta fi ta farin kyan ji, mu ma da fari ita ce ke jan hankali. Duk da haka muna ganin ba ta tsaya da ƙafafunta ba, za mu kuwa daɗe a kanta kaɗan.

Da fari dai, ta sa makoki a inda bai kamata ba. Ina ne bayin nan suka sha wuya? A gindin dutse, a filayen bakin teku, a gonakin kofi da na rake. A can aka yi bulala, a can aka yanke kunnuwa. Yau kuwa motoci suna ratsa gonakin raken nan safe da yamma, ba wanda ya ce a tsaya a yi shiru. Duwatsun fa? Nan ne kaɗai wurin da bawa ya kwana ba da izinin kowa ba. Nan ya shuka abin da zai ci da kansa, nan ya raɗa wa ɗansa sunan da ya ga dama. Lalle an yi yunwa, an yi sanyi irin wanda mutumin bakin teku bai saba da shi ba, an kuma kashe mutane. Amma wanda ya dubi Cimendef bai ga kome ba sai kabari, ya ƙwace wa mai sunan nasararsa. Mutumin nan ya ce shi ba bawa ba ne, ya hau inda zai tabbatar da maganarsa, har yau kuma duk wanda ya buɗe taswira dole ya maimaita ta. Ba mu ga dalilin da zai hana a yi murna a irin wannan wuri ba. Mutanen tsibirin da kansu, ran 20 ga Disamba kowace shekara, da kiɗa da rawa su ke tunawa da 'yanci, ba da zaman makoki ba.

Na biyu kuma, turba ba kamar gini ba ce. A ƙasa mai ruwa irin wannan, hanyar da aka daina bi damina biyu ko uku ta rufe, ciyawa da zaizaya sun cinye ta. In kowa ya ƙaurace wa duwatsun nan domin ladabi, ladabin nan ne zai binne gudajjun karo na biyu. Sunan Anchaing yana raye ne domin mutane suna hawa dutsensa, suna tambayar mai yi musu jagora ko wane ne shi. Yaro ɗan tsibirin wanda ya hau daga Cilaos ya ƙetare mashigin Taïbit ya gangara Marla, gwiwoyinsa suna rawa, ya koyi wani abu game da kakanninsa wanda allon makaranta ba zai koya masa ba. Shi yana da takalmi, da gorar ruwa, da masauki mai bargo a gabansa. Su ba takalmi, ga jariri a baya, ga karnuka a bayansu. Gani ya kori ji, amma a nan ƙafa ta fi ido.

Saboda haka ba mu ga laifi ga yawon kansa ba. Inda mu ke ganin tambayar ta yi tsanani shi ne wajen masu rai, gama matattu ba abin da mai yawo zai ƙara musu ko ya rage. Bayan 1848 waɗansu 'yantattu da kuma Turawa matalauta marasa gona suka hau kwarurukan suka zauna. A Cilaos akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi, masu kuɗi daga bakin teku kuma suka riƙa zuwa wanka domin lafiya. Hanyar mota ba ta isa can ba sai 1932, hanya ce mai kwana fiye da 400. Kafin wannan, mai hali ba ya hawa da ƙafarsa. A kan zaunar da shi a kujera mai sanduna, 'yan dako su saɓa a kafaɗa, su bi bakin rami da shi yini guda. Lalle wanda ke cikin kujerar ya ga kyan ƙasa ƙwarai. Masu ɗauke da shi kuwa ƙasa su ke kallo, domin kada santsi ya kwashe su. Wurin ɗaya ne, ranar ɗaya ce, amma ba tafiya ɗaya suka yi ba.

An daina ɗaukar mutane a kujera, amma ba a daina bambancin nan ba. Mafate har yau ba shi da hanyar mota. Mutanen da ke zaune ciki ba su kai 1,000 ba, a warwatse cikin ƙananan ƙauyuka kamar La Nouvelle, da Marla, da Roche Plate, da Grand Place. Mai shiga La Nouvelle ya kan bar mota a mashigin Bœufs ya yi wajen awa biyu a ƙasa. Shinkafa, da tukunyar gas, da kayan gini, jirgi mai saukar ungulu ke kawo su, shi ke kwashe shara, shi ke ɗaukar mara lafiya, in gajimare ya bar shi ya sauka. Akwai ƙananan makarantun firamare, amma yaron da ya gama sai ya bar iyayensa ya fita waje neman ilimi. Wani mai kai wasiƙu, Ivrin Pausé, ya yi shekara 40 yana zagaya ƙauyukan nan da ƙafa, daga 1951 zuwa 1991, har aka kafa masa mutum-mutumi a Grand Place. Abin da baƙo ke yi kwana uku ya koma gida yana ba da labari, shi aikinsa ke nan na kowane mako.

To, a nan ne mai yawo ya kan yi zunubin da bai sani ba, zunubi kuwa na baki. Ya kan zauna da maraice a ƙofar masauki, an kawo masa shinkafa da wake da naman kaza, ya dubi duwatsu suna yin ja da faɗuwar rana, ya ce, "Allah ya sa kada a taɓa kawo hanya nan." Gobe zai koma garinsu inda asibiti ke bayan gidansa. Wane ne ya ba shi ikon yi wa mace mai ciki wata tara wannan fata? Ba muna cewa a fasa dutse a kawo hanya ba. Watakila hanyar ta kashe abin da mutanen wurin ke ci da shi, gama yawancin kuɗin da ke shiga Mafate daga aljihun masu yawo ya ke fitowa, ta wurin masaukai da abinci da ƙananan kantuna, baƙi kuwa rashin hanyar ne ke kawo su. Akwai kuma mazauna da ke son zamansu yadda ya ke. Abin da mu ke cewa shi ne, maganar ba ta baƙo ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In mutanen Mafate sun zaɓi zama ba hanya, sun bi sawun waɗanda suka fara zama a wurin, zaɓinsu kuwa abin girmamawa ne. In baƙo ne ya zaɓa musu domin hotonsa ya yi kyau, ya koma cikin kujera mai sanduna ke nan, ko da ya ke da ƙafarsa ya zo.

Akwai kuma waɗanda daɗin mai yawo ya kan jawo wa wahala ta wata fuska. A wajen dutse mai wuta, turba ta kan ratsa wani fili mai jan yashi kamar ba a duniya ba, ta kai bakin wani babban bango, a gangara da matakala zuwa cikin farfajiyar dutsen. Daga nan ba ciyawa, ba itace, sai baƙin dutse daskararre, an ɗiga masa farin fenti taku kaɗan kaɗan. Ɗigon nan domin hazo aka yi shi, gama hazo ya kan sauko farat ɗaya, mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa. Bayan aman wuta na 1977, wanda ya fita daga farfajiyar ya ratsa ƙauyen Piton Sainte-Rose har teku, aka kafa gidan masana a 1979 domin su riƙa auna motsin dutsen dare da rana. In sun ga alama, hukuma ta kan rufe ƙofar farfajiyar. A watan Afrilu na 2007 ƙasan babban ramin da ke ƙwanƙolin ya rufta fiye da mita 300 cikin 'yan kwanaki. Duk da haka a kan sami masu tsallake ƙofa da dare domin su ga wuta kusa, waɗansu kuma sun rasa rayukansu a ciki. Irin wannan mutum ya kan ce ransa nasa ne. Amma in ya ɓace, wani ne zai tashi jirgi cikin hazo ya neme shi, wannan kuwa yana da mata da 'ya'ya.

Game da tseren nan da a kan yi a watan Oktoba tun 1989, wanda a ke kira tseren mahaukata, ba za mu ce da yawa ba. Mutum fiye da 2,000 su kan tashi daga kudu su ratsa tsibirin zuwa Saint-Denis, tafiyar kilomita 160 da ɗoriya, hawan da ke ciki in an tara shi ya kai wajen mita 10,000, su bi ta Cilaos da Mafate da dare da fitilu a goshi. Wani zai ce wannan ba'a ce, mutane suna gudu don lambar yabo a inda waɗansu suka yi gudu don rai. Mun auna maganar, ba mu karɓe ta ba. Da yawa cikin masu tseren 'ya'yan tsibirin ne, jinin bayi da na iyayengiji da na 'yan ƙodagon Indiya duk ya gauraya a jikinsu. Jikan gudajje yana gudu a kan dutsen kakansa, ba kare a bayansa, mutanen ƙauye suna miƙa masa ruwa suna kiran sunansa. In da Dimitile zai leƙo ya gani, ba mu tsammani zai ji an wulakanta shi.

Abu ɗaya ya rage wanda ya fi wuyar yankewa. A kan turbar da ta tashi daga dajin Bélouve zuwa gindin Piton des Neiges akwai wani kogo da a ke kira kogon Mussard. Sunan mafaraucin yana kan taswira ɗaya da sunayen waɗanda ya farauta. Waɗansu za su so a kankare shi. Mun fahimci zafin zuciyarsu, amma a ganinmu gara a bar shi, a kuma faɗa wa kowane mai wucewa aikin da mai sunan ya yi. In an share mafarauci, nan gaba yara za su ɗauka Mafate da Cimendef sun hau dutse ne domin shan iska, kamar baƙin yau. Sunan nan mummuna shi ne ke bayyana sauran.

Amma ba kowane wuri ya kamata ƙafa ta taka ba, mutanen tsibirin kuwa sun gane haka. Can cikin bangayen Cilaos, sama da mita 2,000, akwai wani ɗan kwari wanda ba a shigarsa sai da igiya ko jirgi mai saukar ungulu. A 2011 wata masaniyar tono kayan tarihi, Anne-Laure Dijoux, ta shiga da abokan aikinta. Suka tarar da 'yan ɗakuna biyu na duwatsu da aka jera ba laka, da wurin hura wuta, da ƙasusuwan tsuntsayen teku waɗanda ke yin sheƙa a ramukan dutse, da gutsuren lofe na yumɓu. Wannan ne karo na fari da aka riƙe da hannu abin da gudajjun suka bari da kansu, ba abin da mafarauta suka rubuta a kansu ba. Wani ya zauna a nan cikin sanyi, ya gasa tsuntsu, ya sha tabarsa, yana sauraron ko zai ji haushin kare. Ana kiran wurin ɓoyayyen kwari. Ba a shata masa turba ba, ba a ɗiga masa fenti ba, ba a kuwa bayyana wa jama'a inda ya ke ba.